SHAN MAI A MOTOCI MASU JAN ƘAFA HUƊU YAYIN JAN KAYA: KWATANCI TSAKANIN INJIN FETUR DA NA DIZAL A YANKIN BATAGARAWA

1.0 Gabatarwa



Manufar wannan takarda ita ce ta amsa wata tambaya da ake yawan jefa wa malaman kimiyya da na sana'a, musamman idan wata makaranta ko ƙungiyar manoma ko ma'aikata ta tashi sayen mota. Tambayar ita ce: tsakanin mota mai shan fetur da mai shan dizal, wace ce ta fi sauƙin mai idan aka ɗaura mata tirela? Amsar da akan ji a tasha da garejin makanikai takan zo a dunƙule. Wani ya ce mai dizal ba ta da na biyu, wani kuma ya ce ai gara mai fetur ko don sauƙin gyara. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai ba safai ake bayyana dalili ba, ga shi kuwa dukiya mai yawa ta rataya a kan amsar. Wanda ya yi kuskuren zaɓi zai ɗauki shekaru yana biyan kuɗin kuskurensa a gidan mai.

Za mu fara da fayyace kalmomin da muka yi amfani da su, sannan mu dubi yanayin wurin da muke magana a kansa. Daga nan sai mu bayyana inda injunan biyu suka bambanta, mu kawo lissafi na misali, mu auna shi da farashin mai a Nijeriya, sannan mu rufe da shawarwari.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Da yake ba a cika yin irin wannan bayani da Hausa ba, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi tun daga farko.

(a) Dizal: shi ne man da direbobi da masu injin niƙa suka fi sani da suna gas. Mun zaɓi kalmar dizal don kada a rikita shi da gas ɗin girki.

(b) Mota mai jan ƙafa huɗu: motar da injinta ke iya tura ƙafafun gaba da na baya a lokaci guda, kamar Land Rover da Land Cruiser da wasu nau'o'in Hilux. Ƙaramar giyar da ake sa wa irin wannan mota a yashi ko taɓo ita ce direbobi ke kira ogzilari.

(c) Ƙarfin murɗawa: ƙarfin da inji ke murɗa sandar da ke juya tayoyi. Ana auna shi da niyuton-mita. Shi ne ke tayar da kaya daga tsaye, shi ne kuma ke hawa da su tudu.

(d) Nagartar inji: kason da inji ke iya mayarwa aiki daga cikin makamashin da ke cikin mai. Ragowar takan salwanta a matsayin zafi, ta salansa da lagireto.

(e) Shan mai: yawan litar da mota ta ƙona a tafiyar kilomita 100.

3.0 Yanayin Wurin Nazari

Garin Batagarawa yana kudu da birnin Katsina, a kan hanyar da ta nufi Dutsin-ma, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunansa. A kan wannan hanya ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suke, a cikin ƙaramar hukumar kuma akwai madatsar ruwa ta Ajiwa wadda birnin Katsina ke sha daga gare ta. Saboda haka yankin ya haɗa fuska biyu: ga manyan makarantu da ma'aikatu a bakin kwalta, ga kuma ƙauyukan noma da ba a kai musu sai an sauka daga titi.

Abubuwan da akan ja da ƙananan motoci a irin wannan wuri sanannu ne. Akwai tankin ruwa da ake kai wa wurin gini ko makarantar kwana, akwai janareta da injin sussuka masu tayoyi, akwai tirelar taki da ta amfanin gona, akwai kuma motar da ta lalace a hanya inda babu janwe a kusa. Tankin ruwa ya fi sauƙin misali, domin lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Tanki mai cin lita 1,000 ke nan tan guda ne cur, ban da nauyin ƙarfen tirelar.

Abubuwa uku na yanayin ƙasar suna shafar shan mai. Na farko, ƙasar jigawa ce mai rairayi, da rani taya ta nutse a yashi, da damina kuma hanyar ƙauye ta yanke ko ta yi santsi. Na biyu, zafin bazara a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 ko ya wuce, inji mai jan kaya kuwa da ma cikin zafi yake. Na uku, ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, inji kuwa idan bai shaƙi isasshiyar iska ba sai ƙarfinsa ya ragu, direba ya ƙara taka totur.

4.0 Inda Injunan Biyu Suka Bambanta

Dukkan injunan biyu 'yan ƙasar Jamus ne suka fito da su. Nikolaus Otto ya kammala injinsa mai bugu huɗu a 1876, wanda shi ne tushen injin fetur na yau. Rudolf Diesel kuma ya yi nasarar gwada nasa a garin Augsburg a 1897, inda ya sami nagarta kimanin kashi 26 cikin ɗari, abin da ya zarce na sauran injunan zamaninsa nesa ba kusa ba. Tun daga asali ke nan burin Diesel shi ne tsimin mai. A ɓangaren motoci masu jan ƙafa huɗu kuwa, Land Rover ta fito a 1948 da injin fetur, sai a 1957 aka fara sayar da ita da injin dizal. Dalilan da suka sa mai dizal ta fi tsimi guda huɗu ne.

4.1 Man Kansa

Dizal ya fi fetur kauri da nauyi. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kimanin giram 750 ne, ta dizal kuwa takan kai giram 830 zuwa 840. Idan da kilo ake sayar da su, da makamashinsu ya yi kusan daidai. To amma da lita ake aunawa, don haka mai sayen dizal yana samun ƙarin makamashi a kowace lita: kimanin megajul 36, inda fetur ke da kimanin 32. Tun kafin a tayar da inji ke nan dizal ya ba da ratar da ta ɗan haura kashi 10 cikin ɗari.

4.2 Yawan Matsi

Injin fetur yana zuƙar iska gauraye da mai, fistin ya matse su, fulogi ya kunna wuta. Idan matsin ya yi yawa sai gaurayen ya kama da kansa kafin lokaci, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Wannan ya sa akasarin injunan fetur ke matsewa sau 8 zuwa 12 kawai. Injin dizal kuwa iska zalla yake matsewa, sau 15 zuwa 22, har ta yi zafin da idan nozul ya fesa mai sai ya kama ba tare da fulogi ba. Ƙa'idar kimiyyar zafi ta nuna cewa gwargwadon yawan matsi, gwargwadon aikin da ake tatsa daga zafin. Shi ya sa injin dizal na ƙaramar mota yakan kai nagartar kashi 40 cikin ɗari a inda ya fi ƙwazo, na fetur kuwa yakan tsaya a wajen kashi 30 zuwa 35. A tuƙin yau da kullum dukkansu sukan yi ƙasa da haka.

4.3 Yadda Ake Sarrafa Ƙarfi

Injin fetur yana buƙatar iska da mai a gwargwado guda, kimanin kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Idan ana son rage ƙarfinsa dole a rage iskar, shi ya sa aka sa masa wani ƙyaure a maƙogwaro wanda totur ke buɗewa da rufewa. Muddin ƙyauren bai buɗe duka ba, inji yana wahalar zuƙa, kamar mai shan fura ta siririn tsinke, wannan wahala kuwa mai take ci. Injin dizal yana shaƙar iska a wadace, man da ake fesawa ne kawai ake ragewa ko ƙarawa.

A nan akwai wani batu da adalci ya sa mu ambata. Idan aka ɗaura wa mai fetur kaya, ƙyauren yakan ƙara buɗewa, wannan asara ta ragu, nagartar inji ta ɗan ƙaru. Sai dai idan nauyin ya tsananta har aka danne totur, injin yakan ƙara yawan fetur fiye da wanda iskar za ta iya ƙonewa, domin ya sanyaya fistin da bututun hayaƙi. Wannan ƙarin fetur ba ya zama aiki. A daidai wannan gaɓa ce mai fetur ke zama abin da direbobi ke cewa tana shan mai kamar ruwa.

4.4 Ƙarfin Murɗawa

Mu ɗauki Hilux, tun da ita ce ta fi yawa a ma'aikatunmu. Injinta na fetur mai lita 2.7 yana ba da ƙarfin murɗawa kimanin niyuton-mita 245, kuma sai ya kai juyi kusan 4,000 a minti kafin ya ba da shi duka. Na dizal mai lita 2.4, wanda ke da na'urar cusa iska da ake kira turbo, yana ba da har niyuton-mita 400 tun daga juyi 1,600. Ma'anar wannan ga direba ita ce, a tudun da mai dizal za ta haye da giya ta huɗu, mai fetur sai ta sauko ta uku ko ta biyu, inji yana kuka. Yawan juyi kuwa yana ƙara gogayya a cikin inji, gogayya kuma tana cin mai.

Amma kada a ɗauka kowane injin dizal ya fi na fetur ƙarfi. Tsohon injin Land Cruiser mai lita 4.2 da ake kira 1HZ, wanda ba shi da turbo, ƙarfin murɗawarsa kimanin niyuton-mita 285 ne, alhali na fetur mai lita 4.0 da ake sa wa irin wannan mota ya haura 350. Abin da ya sa ake yabon 1HZ shi ne juriya da sauƙin gyara da ba da ƙarfinsa a ƙaramin juyi.

5.0 Abin da Tirela ke Ƙara wa Mota

Mota mai tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya tana fama da turjiya iri biyu. Ta farko ita ce turjiyar birgima, wadda ke tasowa daga lanƙwashewar taya da nutsewarta a ƙasa. Ana samun ta ta hanyar ninka nauyin mota da wani adadi da ya danganta da irin hanyar. A kwalta adadin bai wuce 0.015 ba, a yashi mai laushi kuwa yana iya kaiwa 0.2 ko fiye. Watau tirelar da ke neman ƙarfin niyuton 220 a kan titin Dutsin-ma, idan nauyinta kilo 1,500 ne, za ta nemi kusan niyuton 3,000 da zarar ta faɗa yashi. Ninki goma sha uku ke nan.

Ta biyu ita ce turjiyar iska. Wannan ba ruwanta da nauyi, ruwanta da faɗin gaban abin da ake ja da kuma gudu. Ƙa'idarta ita ce idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar takan ninka sau huɗu. Tankin ruwa mai tsawo da ya zarce rufin mota, ko buhunan da aka yi wa tsibi, suna tare iska kamar bango.

Ban da waɗannan akwai hawan tudu, akwai kuma tashi da tsayawa. Duk lokacin da aka taka birki, makamashin da aka ƙona mai aka tara ya zama zafi a ƙafafun mota ya tafi. Mai jan kaya ta cikin cunkoson birni yana maimaita wannan asara a kowane shatale-tale.

6.0 Lissafi na Misali

Alƙaluman da ke biye na misali ne, mun gina su a kan ƙa'idojin da suka gabata domin a ga yadda ake lissafin. A ƙaddara mota ce mai nauyin kilo 2,000 tana jan tirelar ruwa mai nauyin kilo 1,500, a kan kwalta, da gudun kilomita 80 a awa.

(a) Turjiyar birgima: jimillar kilo 3,500, a ninka da 9.8, a ninka da 0.015, ya ba da kimanin niyuton 515.

(b) Turjiyar iska: idan muka ƙaddara faɗin da ke tare iska ya yi daidai da murabba'in mita 3, za ta kai kimanin niyuton 850.

(c) Jimilla niyuton 1,365. A tafiyar kilomita 100 wannan aiki ne na kimanin megajul 137.

(d) Giya da sauran sassan da ke kai ƙarfi ga taya sukan cinye wani kaso. Idan muka ba su kashi 15 cikin ɗari, inji sai ya fitar da kimanin megajul 161.

(e) A ƙaddara injin fetur yana aiki da nagartar kashi 28 cikin ɗari, to kowace lita tana ba da aikin megajul 9. Na dizal kuma a kashi 36 cikin ɗari, kowace lita tana ba da megajul 13.

(f) Sakamako: mai fetur za ta sha kimanin lita 18, mai dizal kuma lita 12.4.

Darussa biyu ne a cikin wannan lissafi. Na farko, idan aka raba 18 da 12.4 ana samun 1.45. Wannan adadi shi ne ma'aunin hukunci: muddin farashin litar dizal bai kai ninki 1.45 na litar fetur ba, mai dizal ta fi arahar tafiya. Idan ya haura haka, mai fetur ta fi araha duk da yawan shanta.

Na biyu, idan direba ya rage gudu zuwa kilomita 60 a awa, turjiyar iska za ta sauko daga niyuton 850 zuwa kimanin 480, jimillar kuma ta dawo kusan 995. Aikin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ba a sauya inji ba, ba a sayi komi ba. Ƙafar direba ke nan tana iya tsimin da ya kusa kai wanda ake samu daga sauya nau'in inji.

7.0 Farashin Mai a Nijeriya

Wanda ya lura zai ga cewa akasarin Hilux da ke ma'aikatun ƙasar nan masu fetur ne, alhali a ƙasashe da dama masu dizal ne suka fi yawa. Dalilin yana cikin tarihin farashi. Tun daga shekarun 1970 gwamnati ta riƙa ƙayyade farashin fetur tana cika giɓin da tallafi. Dizal kuwa tun cikin shekarun 2000 aka sakar wa kasuwa shi. Tazarar ta kai matuƙa a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, inda a ƙarshen shekarar litar dizal ta kai kimanin naira 800, farashin fetur na hukuma kuwa yana wajen naira 185.

Mu ɗora waɗannan a kan lissafinmu. Lita 18 ta fetur a naira 185 ta kama naira 3,330. Lita 12.4 ta dizal a naira 800 ta kama naira 9,920, kusan ninki uku. Ko da mai fetur ya saya a hannun 'yan bumburutu a ninkin farashi, bai wuce naira 6,660 ba. Saboda haka waɗanda suka zaɓi mai fetur a wancan lokaci ba su yi kuskure ba.

Al'amarin ya sauya ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur a jawabinsa na kama mulki. Cikin kwanaki kaɗan farashin ya kai wajen naira 500, a watan Oktoba na 2024 kuma ya haura naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. A wannan shekara ta 2024 ce kuma matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da dizal, daga baya fetur ya biyo a watan Satumba. A ƙarshen 2024 dizal yana nan ya fi fetur tsada, amma ratar ba ta kai rabin farashin fetur ba.

A ƙaddara ke nan fetur yana naira 1,000, dizal yana naira 1,200. Tafiyar kilomita 100 za ta ci naira 18,000 a mai fetur, naira 14,880 a mai dizal. Rarar naira 3,120 ce. Motar da ke jan kaya kilomita 10,000 a shekara za ta rage wa mai ita naira 312,000. Injunan ba su sauya ba tsakanin 2022 da 2024, amma amsar tambayarmu ta juye. Da yake farashi yana hawa da sauka, abin da ya kamaci mai saye shi ne ya riƙe ma'aunin nan, ya tsaya a gidan mai ya karanta farashin ranar, ya raba na dizal da na fetur.

8.0 Abin da Lissafin Lita Bai Nuna Ba

Kuɗin mai kashi ɗaya ne kawai na abin da mota ke ci. Akwai wasu abubuwa huɗu da dole a sa su a sikeli.

Na farko, kuɗin saye. Mai dizal takan fi takwararta tsada saboda ƙarfin ƙirar injin da tsadar famfon mai. Idan, alal misali, bambancin ya kai naira miliyan 3, rarar naira 312,000 a shekara za ta ɗauki kusan shekara goma kafin ta mayar da shi. Makarantar da ke jan tanki sau biyu a wata ba za ta ga ribar ba, ɗan kwangilar da ke ja kullum kuwa zai gani da wuri.

Na biyu, tsabtar mai. Injunan dizal na zamani suna fesa mai da matsin da ya haura ninki 1,500 na matsin iskar da muke shaƙa, ta ƙofofin da suka yi kusa da sirantar gashi. Ɗan ruwa ko ƙura ko gaurayen kananzir ya isa ya lalata nozul da famfo. Akwai kuma batun sinadarin kibiritu, watau farar wuta. Ƙasashen Tarayyar Turai sun ƙayyade shi a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince da kashi 50 cikin miliyan a 2020, bayan shekaru ana shigo wa Afirka ta Yamma da dizal mai ɗauke da dubbai. Motar da aka ƙera don kasuwar Turai, mai matatar toka a salansa, ita ta fi saurin jin jiki da man da ba shi da kyau. Fetur ma bai tsira ba, domin a watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol wanda ya lalata motoci a wasu biranen ƙasar nan.

Na uku, gyara. Makanikin fetur ana samunsa ko'ina, kayan gyaran ma haka. Mai gyaran famfon dizal na zamani kuwa yana buƙatar kwamfuta da na'urar gwaji, sau da yawa sai an dangana da Kano ko Kaduna. Kwanakin da mota ta yi a gareji da kaka, lokacin da ake kwasar amfanin gona, su ma asara ce.

Na huɗu, hayaƙi. Litar fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuma kimanin kilo 2.7. A lissafinmu mai fetur ta fitar da kusan kilo 41, mai dizal kusan kilo 33. Ta wannan fuska dizal ya fi sauƙi. Sai dai tsohon injin dizal yana fitar da baƙar toka mai shiga huhu, wadda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin abubuwan da ke haddasa cutar daji a 2012. Bai kamata a bar irin wannan mota tana aiki a tsaye kusa da aji ko ɗakin kwanan ɗalibai ba.

9.0 Yadda Mai Mota Zai Auna da Kansa

Masu magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Alƙaluman da kamfanoni ke bugawa ana samun su ne ba tare da tirela ba, a hanyoyin da ba su yi kama da namu ba. Hanyar aunawa kuwa mai sauƙi ce. A cika tanki har baki, a rubuta lambar mitar tafiya. A yi aikin da aka saba da tirelar da aka saba, a koma famfon da aka sha a farko a sake cikawa har baki. Litar da ta shiga ita ce aka ƙona. A raba ta da kilomitar da aka yi, a ninka da 100. Ya kamata a maimaita aƙalla sau uku a ɗauki matsakaici, a kuma ware awon rani da na damina.

Muna ganin wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban lissafi da kimiyyar lissafi da koyon sana'a a kwalejojin ilimi. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji, littafin tafiye-tafiye da rasiɗin mai sun wadatar. Ɗalibin da ya koyi turjiya da nagarta ta hanyar motar makarantarsu zai fi iya koyar da su idan ya tsaya gaban allo, kuma da Hausa.

10.0 Shawarwari da Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari:

(a) Mai jan kaya mai nauyi a kai a kai, a tafiya mai nisa, wanda kuma ke da amintaccen wurin sayen mai, dizal ya fi dacewa da shi muddin ratar farashi ba ta wuce ma'aunin da muka nuna ba.

(b) Mai jan kaya jefi-jefi, a gajeruwar tafiya, mai fetur za ta ishe shi, kuɗin da ya rage a wajen saye ya ajiye shi don mai.

(c) A rage gudu idan ana ja, a kuma shimfiɗa kaya ƙasa-ƙasa maimakon tara su sama.

(d) A motocin da ake sa ƙafar gaba da hannu, a cire ta da zarar an hau kwalta, domin barinta yana cin mai da taya, yana kuma wahalar da giya.

(e) A duba iskar tayoyin mota da na tirela. Idan an rage iska don ƙetare yashi, a mayar da ita kafin a kama titi. A riƙa duba matatar iska akai-akai da hunturu.

(f) Kada a wuce nauyin da kamfani ya ƙayyade. Akasarin irin waɗannan motoci ba a yarda su ja tirela marar birki da ta haura kilo 750 ba, tankin lita 1,000 kuwa ya riga ya wuce wannan. Haka kuma tankin da ba a cika ba ruwansa yana tangaɗi, yana iya ture mota a kwana. Rai ya fi man da ake tsimi.

A taƙaice, mun nuna cewa injin dizal yana shan lita ƙasa da na fetur idan ana jan kaya, saboda nauyin man da yawan matsi da rashin ƙyauren iska da ƙarfin murɗawa a ƙaramin juyi. Mun kuma nuna cewa ƙarancin lita ba ya zama ƙarancin kuɗi sai an duba farashi, kamar yadda tarihin Nijeriya daga 2022 zuwa 2024 ya tabbatar. Abin da ya rage shi ne a tattara awo na zahiri daga hanyoyin Batagarawa da Ajiwa da sauran ƙauyukan yankin, a gwada shi da lissafin da muka kawo. Muna fata 'yan'uwa malamai za su ɗauki wannan aiki tare da ɗalibansu, su kuma gyara mana inda muka yi kuskure.